Yadda ake tara tsofaffin allunan tangaran na gandayen kiwon shanu a Amurka

A yammacin Amurka, musamman a jihohin Texas, Oklahoma, Colorado, Wyoming da Montana, makiyaya sun daɗe suna liƙa allunan ƙarfe a ƙofofin gandayensu da jikin shingensu, wasu don gargaɗin ɓarayin shanu, wasu don sanar da irin shanun da ake kiwo a wurin, wasu kuma na 'yan kasuwa ne masu tallar abincin dabbobi, magungunan kaska da wayar shinge. Mafi daraja a cikinsu su ne waɗanda aka rufe fuskarsu da tangaran, wato garin gilashi da aka narkar a kan ƙarfe a cikin tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas. Duk wanda ya san langa ko kwallar jere ta ɗakin iyayenmu mata, yadda take sheƙi shekara da shekaru amma ta ɓantare ta nuna baƙin ƙarfe idan ta faɗi ƙasa, ya riga ya san halin wannan rufi. Sana'ar yin waɗannan allunan tangaran ta shiga Amurka daga Turai a wajajen shekarun 1890, ta yi tashe har zuwa shekarun 1950, kafin allunan gwangwani mai fenti da na roba su ture ta saboda araha. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an narkar da allunan da yawa don a samu ƙarfen yin makamai, shi ya sa waɗanda suka tsira suka yi ƙaranci, kuma ƙarancin ne ya jawo masu jabu cikin kasuwar.

Mataki na farko: zaɓi fanni guda ka tsaya a kansa

Allunan kiwo iri uku ne a taƙaice, kuma mai farawa zai fi cin riba idan ya ɗauki ɗaya ya ƙware a kansa kafin ya leƙa sauran. Na farko su ne allunan ƙungiyoyin makiyaya, waɗanda ake bai wa mamba ya rataya a ƙofar gandunsa. Fitacce a cikinsu shi ne shuɗin allo mai farin rubutu na Texas and Southwestern Cattle Raisers Association, ƙungiyar da makiyaya 40 suka kafa a garin Graham a 1877 saboda satar shanu ta ishe su, wadda a yau hedikwatarta take Fort Worth. Allon yana ɗauke da kalmar POSTED, gargaɗi ne cewa ba a shiga filin sai da izini, kuma sau da yawa ana rubuta sunan mamban a jikinsa. Akwai makamantansa daga ƙungiyoyin Colorado, Wyoming da Montana, waɗanda aka kafa a 1867, 1872 da 1884 bi da bi.

Iri na biyu su ne allunan nau'in shanu, inda ake zana hoton bijimi tare da sunan gandu: Hereford mai jan jiki da farar fuska, baƙin Angus, Brahman mai tozo wanda asalinsa shanun Indiya ne kuma kamanninsa ba za su yi wa Bahaushe baƙunta ba, da Santa Gertrudis da aka samar a gandun King Ranch na Texas. Iri na uku allunan talla ne na kamfanoni irin su Purina mai tambarin dara ja da fari, Cooper mai maganin tsoma dabbobi, Franklin mai allurar rigakafin harbin daji, da Aermotor mai famfon rijiya da iska ke juyawa.

A ganina, iri na farko da na biyu sun fi cancantar wahalar mutum. Allon talla an buga shi da yawa iri ɗaya an raba wa shaguna, amma allon da yake ɗauke da sunan makiyayi da tambarin da yake yi wa shanunsa lalas da shi, na gida ɗaya ne, kuma ana iya bin sawunsa a cikin takardu har a gano filin da ya tsaya a kansa. Wannan alaƙa da wani mutum da wani wuri ita ce ainihin abin da mai tarawa yake saye. Ƙarfen da gilashin suna biye ne.

Mataki na biyu: haddace shekarun da za su tona asirin ƙarya

Kafin ka kashe ko kwabo, ka tanadi ɗan littafi ka rubuta shekarun kafuwar ƙungiyoyi da na sauyin sunayensu, domin mafi yawan ƙaryar dillalai a nan take karyewa ba tare da an taɓa allon ba. Ƙungiyar Texas da aka ambata ba ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu ba sai a 1921, saboda haka allon da yake ɗauke da wannan cikakken suna ba zai zama na shekarun 1890 ba, komai tsatsar da ke jikinsa. Ƙungiyar masu kiwon Hereford ta Amurka ta kafu a 1881, ta Angus a 1883, ta Brahman a 1924. Gwamnatin Amurka ba ta amince da Santa Gertrudis a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1940, ƙungiyar masu kiwon Brangus ta zo a 1949, ta masu kiwon Texas Longhorn kuma a 1964. Idan aka nuna maka allon ƙungiyar Longhorn aka ce na zamanin kakan kaka ne, ka san mai maganar ko dai bai sani ba ko kuma yana fatan kai ne ba ka sani ba.

Adireshin da ke jikin allo shi ma shaida ne. Hukumar gidan waya ta Amurka ta fara amfani da lambobin shiyya na manyan birane, masu lamba ɗaya ko biyu, a 1943, sannan ta fito da lambar ZIP mai lambobi biyar a 1963. Duk allon da ke da lambobi biyar bayan sunan jiha, to daga 1963 zuwa sama aka yi shi. Haka nan a yi hattara da sunayen gandayen da suka shahara. Gandun XIT, wanda ya mamaye eka miliyan 3 a arewa maso yammacin Texas tun daga 1885, ya sayar da shanunsa na ƙarshe a 1912, kuma sunansa yana sayar da kaya har gobe, don haka allon tangaran mai launuka da yawa da ke ɗauke da wannan suna ya kamata a ɗauke shi a matsayin kayan tsaraba har sai an kawo hujjar akasin haka. Wannan taka-tsantsan ya shafi tambarin King Ranch da na Four Sixes, domin gandayen suna nan da ransu kuma ana ta ƙera kayan ado da sunayensu.

Mataki na uku: koya wa hannunka da idonka sanin na gaske

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma hoto a waya ba zai koyar da shi ba. Ka nemi inda za ka ga allunan da babu shakka a kansu, kamar gidan tarihi na Cattle Raisers Museum da ke Fort Worth, ko wajen tsofaffin masu tarawa da za su yarda ka riƙe kayansu.

Fara da ɗaga allon. Tsohon allon tangaran yana da nauyi fiye da yadda girmansa yake nunawa, saboda an yi shi a kan ƙarfe mai kauri wanda zai jure zafin tanderu sau da yawa ba tare da ya lanƙwashe ba. Ka ɗora masa mayen ƙarfe: idan bai kama ba, to alminiyam ne, kuma wannan alama ce ta aikin baya-bayan nan. Sai dai kamawar mayen ƙarfe ba ta wanke allo, domin masu jabu ma da ƙarfe suke aiki.

Daga nan sai ka bi fuskar allon da ɗan yatsa a hankali, daga farfajiyarsa zuwa kan haruffa. A tsohuwar hanya kowane launi daban ake shimfiɗa shi, a goge wuraren da ba a so ta cikin faifan da aka yanke siffar rubutun a jikinsa, sannan a mayar da allon tanderu, ta yadda allo mai launi huɗu ya sha wuta sau da yawa kuma launukan sun hau kan juna hawa-hawa. Yatsa yana jin wannan ɗan tudu a bakin kowane harafi. Allunan da aka yi bayan an koma buga zane ta cikin ƙyallen siliki ba su da tudu sosai, saboda haka santsin fuska shi kaɗai ba laifi ba ne ga allon shekarun 1940 ko 1950, amma laifi ne babba ga wanda aka ce na farkon ƙarni na 20 ne. Idan akwai hoton bijimi, ka duba shi da madubin ƙara girma. Ƙananan ɗige-ɗige masu tsari irin na injin buga takarda na kwamfuta suna nuna sabon aiki.

Baya ga fuska, ramukan ƙusa su ne wurin da gaskiya ta fi zama. Allon da ya yi shekaru a jikin ginshiƙin ƙofa, iska tana kaɗa shi, rana da sanyi suna buɗa ƙarfensa suna tsuke shi, zai ɓantare a kewayen ramukan da kuma kusurwoyi, kuma tsatsar da ke wuraren za ta zama baƙa-baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu, ta kama ƙarfen da ƙarfi. Tsatsar da aka haɗa da ruwan batir ko gishiri cikin 'yan kwanaki tana da launin ruwan lemo mai haske, tana kuma biyo yatsa kamar gari. Ka lura da inda raunin yake: idan tsakiyar allo ta sha ɓantara amma ramukan ƙusa suna nan sumul kamar ba a taɓa ɗaure shi ba, to guduma ce ta yi aikin, ba shekaru ba. Wasu allunan suna da zoben tagulla a cikin ramukan, kuma tsohon zobe yakan dusashe ya yi duhu. Ramin harsashi abu ne da aka saba gani a allunan karkara, tun da masu wucewa sukan gwada saitinsu a kansu, amma shi ma ana ƙirƙirarsa, don haka a duba tsatsar bakinsa kamar yadda aka duba ta sauran wurare.

Juya allon ka ga bayansa. Yawanci za a tarar da rufin farko mai duhu, baƙi ko shuɗi-shuɗi ko toka-toka, wanda bai kai fuskar kyau ba, wani lokaci da tabon ƙarafan da aka ɗora shi a kansu cikin tanderu. A ƙarshe ka nemi sunan maƙera, wanda akan rubuta da ƙananan haruffa a gefen ƙasa. Daga cikin sanannu akwai Ingram-Richardson na Beaver Falls a Pennsylvania, wanda yakan sa Ing-Rich, da Baltimore Enamel and Novelty Company, da Veribrite na Chicago, da Texlite na Dallas. Allunan gandaye da yawa na gaske ba su da sunan maƙeri ko kaɗan, kuma masu jabu sun iya kwaikwayon sunan, saboda haka shaida ce guda a cikin shaidu, ba hukunci ba.

Mataki na huɗu: bi sawun sunan da tambarin

Da zarar allo ya tsallake gwajin hannu, sai a koma takardu. A yawancin jihohin yamma akwai hukuma ta jiha da ke rajistar tambarin lalas, tana kuma buga littafin tambura lokaci-lokaci, wanda ke nuna siffar tambarin, sunan mai shi, da ɓangaren jikin saniya da ake ɗora shi. Texas ta bambanta, domin a can ana yin rajistar ne a ofishin magatakardan kowace gunduma, kuma ana sabunta ta duk bayan shekara 10. Wannan yana nufin cewa idan allonka na Texas ne, sai ka fara gano gundumar kafin ka san inda za ka tambaya. Mujallar The Cattleman, wadda ƙungiyar makiyayan Texas take bugawa tun 1914, cike take da tallace-tallacen gandaye masu sayar da bijimai, kuma samun sunan da ke kan allonka a cikin wani tsohon bugu yana ba ka shekarun da gandun yake aiki. Ƙungiyoyin tarihi na gundumomi da tsofaffin jaridun ƙananan garuruwa su ma suna taimakawa, kuma da yawa daga cikinsu an ɗora su a intanet.

Abin lura game da shuɗin allon Texas shi ne har yanzu ƙungiyar tana bai wa mambobinta irinsa, don haka launinsa da rubutunsa ba su isa su mai da shi tsoho ba. Sunan da ke kai, kaurin ƙarfen da yanayin rufin su ne za su raba na da da na yanzu.

Mataki na biyar: san inda ake saye da yadda ake ciniki

Wuri mafi aminci shi ne gwanjon kayan gandu, lokacin da iyali suka sayar da fili ko magada suka raba gado, domin a nan allon yana fitowa ne kai tsaye daga rumbun da ya kwana a ciki. Bayan wannan akwai manyan kasuwannin tsofaffin kaya irin su Round Top da First Monday Trade Days na garin Canton, duka a Texas, sai gidajen gwanjo da suka ƙware a kayan talla, kamar Morphy Auctions a Pennsylvania, waɗanda kundin cinikinsu na baya yake nuna farashin da aka biya a zahiri. Farashin da aka biya shi ne ma'auni, ba wanda mai kaya ya rubuta yana jira ba.

Dillalai sukan ba allo maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon lafiyarsa, amma makin ra'ayin mai sayarwa ne, don haka ka tambayi abin da ya sa ya ba da shi. Rauni a gefe ko a ramin ƙusa ba ya rage daraja kamar rauni a kan fuskar bijimi ko a tsakiyar suna. Allo mai fuska biyu, wanda ake ratayawa a gan shi ta kowane ɓangare, yakan fi mai fuska ɗaya tsada, haka ma wanda aka yanka shi da siffar dabba. Idan ta intanet za ka saya, ka nemi hoton baya, hoton kowane rami daga kusa, hoton gefen da ke nuna kauri, da nauyin allon, sannan ka sa mai kaya ya rubuta cewa tsoho ne na asali kuma zai karɓa idan ya zama ba haka ba. Wanda ya ƙi rubuta wannan ya riga ya ba ka amsa. Haka kuma, ganin allo iri ɗaya da rauni iri ɗaya a hannun mai sayarwa ɗaya sau da yawa ya isa ya sa ka juya baya. Ka kuma tambaya ko an taɓa yi masa gyara. Fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu takan nuna wurin da aka cike da fenti, domin haskensa yakan bambanta da na gilashin asali.

Akwai abin da ba a yi ko kusa: cire allo daga ƙofa ko shingen da ake ganin an yi watsi da shi. Filin yana da mai shi ko da ba a ga kowa ba, shigarsa ba izini laifi ne, ɗaukar allon kuma sata ce, kuma ƙungiyar Texas tana da jami'an tsaro na musamman da ke binciken sata a gandaye. Abin kunya ne ma mutum ya saci allon da aka kafa don hana sata. Idan ka ga wanda ya burge ka, ka nemi mai filin ka yi masa tayi, kuma idan ya yarda ka roƙe shi ya ba ka labarin allon a rubuce, domin wannan takarda za ta ƙara masa daraja fiye da kowane gyara.

Wanda zai sa a aiko masa daga ƙetare ya lissafa kuɗin dako da na kwastan tun kafin ya taya, saboda nauyin ƙarfen yakan sa dako ya yi tsada. Ya kuma dage a sa allon tsakanin katako biyu masu faɗi, a kare kusurwoyinsa, domin lanƙwasa kaɗan a hanya ta isa ta sa gilashin ya tsattsage.

Mataki na shida: wankewa da ratayawa

Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi sun isa ga yawancin datti. A fara zuba ruwa ya kwashe yashi kafin a goga, don kada ƙwayoyin yashin su karce fuskar. Kada a kusanto da sanfefa ko burushin waya, kuma kada a yi amfani da ruwa mai asid, domin yana cinye sheƙin gilashi, sheƙin kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Wasu tsofaffin launuka suna ɗauke da darma ko kadmiyam, wanda ƙarin dalili ne na guje wa duk abin da zai mai da rufin ƙura a shaƙa. Bayan wanki a busar da shi sarai, musamman wuraren da ƙarfe ya bayyana, sannan a shafa kaki mara launi siriri a goge, ya tsare tsatsar daga ci gaba.

Ba na goyon bayan cike ɓantarar da fenti. Masu saye da yawa sun fi son allo da rauninsa na gaskiya a kan wanda aka yi wa kwalliya, kuma raunin da ke ramukan ƙusa shi ne hujjar da mai saye na gaba zai nema. Idan lalacewar ta yi yawa har hoton ba ya karantuwa, a kai wa ƙwararre, a ɗauki hoto kafin gyara da bayansa, a ajiye tare da takardun allon.

Wajen ratayawa a yi amfani da ramukan da ke akwai kawai, kada a huda sabo. A sa washar roba, wato ɗan faifan roba mai huji a tsakiya, a gaba da bayan kowane rami, a ɗaure sukurun daidai yadda allon ba zai motsa ba, ba tare da matsewa ba, domin matsi yana fasa gilashin da ke kewaye. Babban allo yana bukatar a ɗora shi a kan katako mai ƙwari wanda zai ɗauki nauyinsa ta ƙasa. A zaɓi bango na cikin gida mara danshi, nesa da tagar da ruwan sama ke fesowa, kuma idan za a jingine alluna da yawa a ajiye, a tsayar da su a kan gefensu da kwali a tsakanin kowane biyu.

Kowane allo a buɗe masa shafi a littafin ajiya: tsawonsa da faɗinsa, nauyinsa, sunan maƙeri idan akwai, ranar saye, wurin saye, kuɗin da aka biya, hotunan gaba da baya, da kwafin duk abin da aka samo daga littafin tambura ko mujalla. A rubuta lambar shafin a ƙaramar takarda a ɗaura ta da zare a ɗaya daga cikin ramukan, maimakon a manna ta ko a rubuta a jikin ƙarfen.